Shamuwa Ta Iso, Wa Ya Rubuta Ranar?

Jawabin da ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibai ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya, a Ƙofar Nassarawa, Kano



Godiya ta tabbata ga Allah da ya sake tara mu bana cikin ƙoshin lafiya. Malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Bayan haka, kwamitin shirya taro ya ba ni minti ashirin in yi magana a kan wani abu da zai amfani mujallarmu. Na zaɓi in yi bayanin yadda ake fitar da wata irin mujalla da ba kasafai ake ganinta a teburin mai jarida ba, wato mujallar nazarin halittu, wadda ke tattara labarin tsuntsaye da dabbobi da itatuwa da ƙwari na wata ƙasa, shekara bayan shekara. Ni ma'aikacin gwamnati ne mai sha'awar karanta irin waɗannan mujallu, saboda haka malamanmu na kimiyya su yi mini afuwa, a gabansu nake magana.

Bari in fara da tambaya. Kowa a nan ya san shamuwa ce ke yi mana albishir da damina. To, ran nawa ga wane wata ta iso Kano bara? Bara waccan fa? Ta fi saurin zuwa yanzu, ko kuwa a zamanin da malamanmu suke samari? Kowa zai faɗi abin da yake tsammani, amma ba mai shaida a hannu. Amfanin mujallar nazarin halittu ke nan: ita ce rijistar da ake komawa gare ta idan irin wannan gardama ta tashi.

Mujallu biyu da ya kamata mu sani

Ta farko ita ce The Nigerian Field. Wani jami'in mulki Bature mai suna A.F.B. Bridges ne ya kafa ƙungiyar da ke fitar da ita a 1930, mujallar kuma ta fara fitowa a 1931. Tana ɗauke da bayanai kan tsirrai da dabbobi, har da al'adu da sana'o'in mutanen ƙasar nan.

Ta biyu ta fi kusa da mu. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Cikin jagororinta akwai John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Hilary Fry wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da R.E. Sharland wanda ya daɗe yana zaune a nan Kano. Sun fara da 'yar mujallar da ake bugawa da tafireta a gurza a inji. Ta ci gaba da fitowa har 1978. A 1979 aka faɗaɗa ƙungiyar ta haɗe Afirka ta Yamma baki ɗaya, aka sa wa mujallar suna Malimbus, sunan wani jinsin tsuntsaye masu saƙa sheƙa. Tana karɓar rubutu da Turanci da Faransanci, domin 'yan'uwanmu na Nijar da Senegal da Mali su ma su shigo.

Shi Sharland, aikinsa a Kano shi ne kama tsuntsaye da raga, ya sa musu ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, ya rubuta, ya sake su. Idan aka tsinci tsuntsun a wata ƙasa, lambar za ta nuna inda ya fito. Kowace shekara yana rubuta rahoton wannan aiki a mujallar, kuma ya daɗe yana riƙe da kuɗin ƙungiyar a matsayin ma'aji. A 1981, shi da Roger Wilkinson, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero, suka buga jerin tsuntsayen Jihar Kano a Malimbus. Ku tuna a lokacin ba a cire Jigawa ba, sai a 1991, saboda haka jerin ya haɗa har da ƙasar Haɗejiya. Duk mai son ya san abin da ke shawagi a sararin Kano fiye da shekara arba'in da suka wuce, can zai koma.

Yadda aikin shekara yake tafiya

Aikin yana kama da noma: kowane mataki da lokacinsa, wanda ya makara a ɗaya ya makara a sauran.

Mataki na farko a fili ake yinsa, da littafin aljihu da fensir. Mai lura zai rubuta abu huɗu nan take: abin da ya gani, da ranar, da wurin, da adadin. Idan ya bari sai ya koma gida, goma za ta iya zama ashirin a bakinsa ba da niyyar ƙarya ba. Kowane lokaci na shekara da baƙinsa. Daga ƙarshen damina zuwa hunturu tsuntsayen Turai suke sauka a fadamunmu, su koma idan bazara ta kama. Shamuwa kuwa daga kudancin Afirka da gabashinta take tahowa, ta yi sheƙa a itatuwan gari, ta ƙyanƙyashe, ta tafi idan ruwa ya ɗauke. Wanda bai fita a watan da ya dace ba, sai ya jira baɗi.

Mataki na biyu shi ne rubutawa a aika wa edita. A nan ake tankaɗe da rairaya. Edita ba ya buga abu don marubucin babban mutum ne. Zai tura wa masana, galibi biyu, su duba. Idan ka ce ka ga tsuntsun da ba a taɓa gani a Kano ba, za a tambaye ka launin bakinsa da ƙafarsa, da nisan da ke tsakaninku, da yanayin haske, da yadda ka bambanta shi da mai kama da shi. Sai a dawo maka da takardarka cike da gyara. Wani ya yi fushi ya janye, wani ya gyara ya mayar. A zamanin wasiƙa ta gidan waya, wannan kai-da-kawowa kaɗai tana cin watanni. Yau saƙon intanet ya rage tafiyar, amma bai rage tambayoyin ba.

A nan ne kuma ake daidaita sunaye. Tsuntsu ɗaya yana iya samun suna a Kano, wani a Sakkwato, wani a Damagaram. Saboda haka ake haɗa kowace halitta da sunanta na kimiyya mai kalma biyu, bisa tsarin da Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa a ƙarni na 18. Shamuwarmu ita ce Ciconia abdimii a ko'ina cikin duniya. Wannan bai sa an raina sunayenmu ba. Tun 1916 likita J.M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma daga bakin manoma da makiyaya da masu magani ya tattaro su.

Mataki na uku shi ne maɗaba'a. A tsara shafuka, a zana taswira, a sa hotuna, a kawo bugun gwaji a karanta shi harafi bayan harafi. A irin wannan mujalla, lamba ɗaya ta karkace, an ɓata tarihi. Idan 15 ta koma 51, wani zai kwafe ta bayan shekara talatin ya gina nazarinsa a kanta. Shi ya sa idan kuskure ya tsallake, ake buga gyaransa a fitowa ta gaba.

Mataki na huɗu shi ne kuɗi, kuma nan ne mujallu da yawa suke mutuwa. Ba talla ke riƙe da su ba, kuɗin shekara na membobi ne. Ma'aji zai yi ta aika takardar tuni, ya lissafa kuɗin takarda da bugu da kan sarki. Iyayenmu da ke nan sun tuna abin da ya biyo bayan 1986, lokacin da aka kawo shirin SAP darajar naira ta faɗi: takarda ta yi tsada, mujallu da dama a jami'o'inmu suka riƙa makara, wasu suka ɗauke ɗif.

Mataki na ƙarshe shi ne rabawa da adanawa. A aika wa membobi da ɗakunan karatu, a yi fihirisar shekara domin mai nema ya samu. Kafin edita ya numfasa, takardun baɗi sun taru a teburinsa. Kuma akasarin masu wannan wahala ba albashi ake biyansu ba. Kowa da aikin da yake ci da iyalinsa, da dare da ranakun hutu yake yin wannan.

Me ya sa ake wannan wahala?

Zan ba da misali biyu.

Akwai wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke hayayyafa a Turai, ya ƙetaro Sahara ya yi hunturu a yankinmu na Sahel. A Ingila masu sa kai suna ƙidaya tsuntsaye kowace shekara a wurare iri ɗaya. A 1969 sai suka ga fiye da kashi biyu cikin uku na wannan tsuntsu bai dawo ba. Aka yi ta bincike, a 1974 aka buga sakamakon da ya danganta abin da ƙarancin ruwan sama a Sahel a 1968. Wato fārin da ya zo ya halaka dabbobinmu a 1973, alamarsa ta riga ta bayyana a littattafan masu ƙidayar tsuntsaye. Da ba a ƙidaya ba a shekarun da komai yake lafiya, da ba a gane an yi asara ba.

Misali na biyu a ƙofar gidanmu yake. Malamanmu sun san lokacin da ungulu take cika mayanka da bakin kasuwa, har ba a ɗaga kai a dube ta. Yau yaro zai gama sakandare a birnin nan bai taɓa ganinta ba. A 2015 hukumar IUCN ta sa wannan ungulu cikin halittun da ke gab da ƙarewa. Cikin dalilan akwai guba, da farautarta don sayar da sassan jikinta, da sare manyan itatuwan da take sheƙa a kai. Ita ce take kwashe mushe kyauta kafin ya zama cuta. Amma a wace shekara ta fara raguwa a Kano? Abin da aka fi gani shi aka fi sakaci da rubutawa.

Haka kududdufan da ke bin ganuwa daga nan Ƙofar Nassarawa zuwa hanyar Jami'ar Bayero. Da yawansu an cike su an yi gini. Zalɓe da balbela da kwaɗi da kifin da ke cikinsu sun tafi, ruwan saman da suke shanyewa kuma dole ya nemi wata hanya. Can ƙasa da mu, madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun sauya yadda ruwa yake malala a fadamun Haɗejiya da Nguru, inda masunta da manoma da makiyaya da tsuntsayen Turai suke cin abinci a akushi ɗaya. Duk lokacin da hukuma za ta yanke shawara a kan irin waɗannan wurare, sai ta nemi abin da aka rubuta a baya. Mu ma'aikata mun san cewa abin da ba ya cikin fayil, a ofis kamar bai faru ba ne.

Alhamdu lillahi, yanzu aikin ya dawo hannun 'yan ƙasa. An kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos a 2001, ta horar da matasa masu yawa, kuma a 2015 aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda masu sa kai suke shigar da abin da suka gani ta wayar hannu. An kuma ɗora tsofaffin fitowar Malimbus a intanet.

Shawarata ga ƙungiya

Ba na cewa mu kafa sabuwar mujalla. Muna da tamu, kuma kwamitinta ya san zafin bin mutane su kawo rubutu da kuɗi. Roƙona guda huɗu ne.

Na ɗaya, a ware shafi biyu a kowace fitowa don rijistar halittun Kano: ranar ruwan farko, ranar da aka fara ganin shamuwa da inda ta yi sheƙa, duk inda aka ga ungulu ko gauraka, da manyan itatuwa irin su kuka da rimi da tsamiya da aka sare ko suka faɗi.

Na biyu, a naɗa mutum ɗaya mai karɓar rahoto, malamin kimiyya kuma ya tace. Rahoton da ba rana, ba wuri, ba adadi, a mayar wa mai shi, ko da shugaban ƙungiya ne.

Na uku, ƙungiya ta saya wa ɗalibai tabarau mai hangen nesa ko da biyu ne, da littafin gane tsuntsaye, su ƙidaya itatuwan harabar makaranta da tsuntsayenta sau ɗaya a kowane zango.

Na huɗu, mu zauna da dattawanmu, manoma da mafarauta da masunta, mu rubuta sunayen Hausa da abin da suka sani tun suna raye.

Shekarar farko shafukan za su zama kamar wasa. A shekara ta goma za a fara kwatantawa. A ta talatin, wani ɗalibin jami'a da ba a haifa ba tukuna zai zo ɗakin karatun makarantarmu yana neman su. Da yayyafi kogi kan cika. Sharaɗin kawai shi ne kada a tsallake shekara, domin shekarar da ba a rubuta ba, ba mai iya komawa ya gano ta.

Ina roƙon shugaban taro ya sa wannan shawara cikin abubuwan da za a tattauna kafin mu tashi.