Abin da Ke Sa a Ƙi Maganar Masana Kimiyya

Ƙin yarda da binciken kimiyya ba kullum jahilci ke kawo shi ba. Sau da yawa rashin amana ne. Mutum yakan duba mai magana kafin ya duba hujja.

A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Jita-jitar ta samu gindin zama ne domin ba a manta da gwajin wani magani mai suna Trovan ba, lokacin annobar sanƙarau ta 1996.

Gori ba ya sauya ra'ayi, sai dai ya ƙara kafe mutum. A Kano amana ta ɓace, amana aka nemo: aka sayo maganin rigakafin daga Indonesiya, sarakuna da malamai suka shiga gaba. A 2004 rigakafin ya dawo.