Kafaɗa Ce Mai Ɗaukar Kaya, Hannu Ɗan Rakiya Ne

Muna gaida na ruga da na mashekari, muna gaida masu jiran takarda a bakin iyakar Paga da Aflao da Elubo, da direbobin albasa da suka taso daga Galmi suka nufo Adjen Kotoku. Allah ya kai kowa lafiya. Yau zancenmu na lafiyar jiki ya sauka a Nima da Maamobi, cikin birnin Accra, wanda dattawanmu ke kira Ankara.

Makiyayi ba baƙo ba ne a Nima. A shekarun 1930 wani Bafulatani mai sana'ar shanu, Malam Amadu Futa, ya karɓi filin nan daga hannun mutanen Ga don ya riƙa ajiye dabbobinsa. Yau ba ka ganin makiyaya a wurin, sai gidaje kan gidaje da kasuwa mai ci ranar Laraba. Amma aikin ƙarfi bai bar unguwar ba. Da rana samari na sauke buhunan masara da wake da shinkafa, da yamma kuma su taru a wani lungu suna ɗaga ƙarfe. Wani ƙarfen ma siminti ne aka zuba a gwangwani biyu aka soka bututu a tsakiya, wani kuma tsofaffin kayan mota ne aka kai wa mai walda ya haɗa.

Kukan da ke yawan fitowa daga bakin waɗannan samari guda ne. Idan suka ɗora ƙarfe a bayan wuya suka tsuguna, lafiya lau. Amma da zarar an ce a dawo da ƙarfen gaba, a ɗora shi saman ƙirji a tsuguna da shi, sai wuyan hannu ya ɗauki zafi, ƙarfe ya shaƙe maƙogwaro, gwiwar hannu ta yi ƙasa, kaya ya nemi zamewa. Wani zai ce, to mu da ke bin shanu ko muke auna hatsi, ina ruwanmu da wasan samari? Da ruwanku, 'yan'uwa. Duk wanda ya taɓa rungumar maraƙi don ya tsallakar da shi rafi, ko ya cicciɓi buhu zuwa ƙirji zai miƙa wa na saman mota, wannan riƙon ya yi. Kuma wanda ya ɓata wuyan hannunsa da yamma, gobe ba ya iya lodi, ba ya iya tatsa, ba ya iya jan guga.

Bari mu fara da yadda riƙon yake a wurin gwanaye. A gasar ɗaga nauyi ta duniya akwai ɗagawar da ake fizgo ƙarfe daga ƙasa a tare shi a kafaɗa cikin tsuguno, a miƙe, sannan a cilla shi sama. Da irin wannan wasa ne Majeti Fetrie ya ciyo wa Gana zinariya a gasar ƙasashen renon Ingila ta 2006 a Melbourne, kuma Christian Amoah ya wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta Rio a 2016. Ku lura da hoton kowane gwani a lokacin da ya tare ƙarfen. Ba a tafin hannunsa nauyin yake ba. Ƙarfen na kwance ne a kan tsokar gaban kafaɗa, dab da wuya, gwiwoyin hannu sun ɗago suna kallon gaba, yatsu kuwa suna ƙarƙashin ƙarfen kawai don kada ya gangara. A dokar gasar ma, idan gwiwar hannunka ta sauka har ta taɓa gwiwar ƙafa ko cinya, an soke ɗagawar.

Nan ne kuskuren farko yake. Yawancin masu kukan wuyan hannu damƙe ƙarfen suke yi da dukan tafi, kamar mai riƙon sanda zai kai duka. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa takwas ne a jere biyu, jijiyoyi suka ɗaure su. An yi shi don juyi da sarrafa abu. Ka ɗora masa kilo 60 yana lanƙwashe baya, dole ya yi ƙara.

Ga gwajin da kowa zai iya yi yanzu, ko a gindin bishiya yake. Ɗauki sandarka ta kiwo. Miƙe hannuwanka biyu gaba sosai, kamar mai karɓar tire. Wani ya ɗora maka sandar a gicciye a kan kafaɗunka ta gaba, tana ɗan taɓa wuya. Kada ka riƙe ta. Za ka ga ta zauna daram a wani ɗan kwari tsakanin tsokar kafaɗa da wuya. To nan ne mazaunin ƙarfe. Yanzu tsuguna a hankali, hannuwa na miƙe. Idan sandar ta zauna har ka sauka ka taso, jikinka ya san hanya, sauran gyara a hannu yake. Idan ta gangara gaba, to matsalar ba ta wuyan hannu ba ce tun farko, a baya take ko a ƙafa.

Wurare huɗu ne ke hana mutum wannan riƙo, kuma kowanne da alamarsa.

Na farko, tsokar da ta taso daga ƙarƙashin hammata ta bazu har ƙugu, tare da ta bayan damtse. Su ne ke jan hannu ƙasa. Mai jan guga, mai jan igiyar sa, mai ɗaure kaya a mota, duk wannan tsoka tasu tana da ƙarfi, sau da yawa kuma a ɗaure take. Alamarta: ka dafa kafaɗunka da yatsu, ka ɗaga gwiwoyin hannu. Idan ba su kai daidai kafaɗa ba sai ka banƙare ƙugu, to ita ce.

Na biyu, gadon baya na sama, inda haƙarƙari suka haɗu da ƙashin baya, gaɓoɓi 12 ne a wurin. Direban da ya kwana biyu a kan sitiyari daga Wagadugu zuwa Tema, ɗan acaɓa, tela, mai duƙawa kan awo tun safe, duk bayansu ya saba da ranƙwafawa. Bayan da ya ranƙwafa kuwa ba ya ba ƙarfe wurin zama, sai ya tura wa hannu.

Na uku, idon sawu. A tsugunon gaba dole jiki ya tsaya a miƙe, gwiwa ta wuce gaba. Idan idon sawu ya ƙi lanƙwasa, diddige zai tashi ko ƙirji ya faɗi gaba. A nan mutanenmu sun yi sa'a, domin wanda ya tashi yana tsugunawa wajen tatsa da alwala da cin tuwo ya fi ɗan ofis sakin ƙafa nesa ba kusa ba. Sai dai wanda ya taɓa targaɗe bai warke daidai ba, shi zai ji ƙafa ɗaya ta ƙi.

Na huɗu shi ne wuyan hannun kansa. Haɗa tafukanka biyu a gaban ƙirji, ka ɗaga gwiwoyin hannu har su yi layi ɗaya. Idan gindin tafukan ya rabu da wuri, akwai aiki a nan.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne, wato ƙirar jiki. Mai dogon zira'i da gajeren damtse zai sha wuya fiye da ɗan'uwansa, haka ma wanda ya tara ƙwanji har hannunsa ba ya naɗewa sosai. Irin wannan sai ya ɗan buɗa riƙonsa, hannuwa su fita wajen kafaɗa kaɗan.

Kada mu manta da ƙarfen kansa. Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, kaurinta milimita 28, ta mata kilo 15. Bakinta biyu inda ake zura faifan nauyi suna juyawa da kansu, saboda idan an fizgo ta an juya hannu, nauyin ba ya murɗa wuyan hannu. Bututun da aka dasa cikin siminti ba ya juyawa, sau da yawa kuma ya fi kauri. Duk murɗawar a hannunka take ƙarewa. Don haka masu gidajen ƙarfe na unguwa, ku taimaki yaranku: a kafa turaku biyu masu ƙarfi, tsayinsu ya kai ƙirji, a riƙa ɗaukar ƙarfen daga kansu maimakon fizgo shi daga ƙasa. Kuɗin walda bai kai kuɗin asibiti ba.

To mene ne magani? Sandar nan taka ta isa fara aiki.

Don hammata: durƙusa gaban benci ko buhu, riƙe sandar da hannu biyu tafuka na kallonka, ɗora gwiwoyin hannu a kan bencin, sannan ka ja ƙugu baya kana sauke ƙirji ƙasa. Tsaya rabin minti kana numfashi a hankali. Yi sau uku. Wannan na buɗe gadon baya ma.

Don wuyan hannu: durƙusa, dafa ƙasa da tafuka, yatsu na kallon gaba, ka riƙa matsawa gaba kaɗan-kaɗan kana dawowa, sau goma. Ja za ka ji, ba suka ba. In ka ji suka, dakata.

Don riƙon kansa: ɗora sanda ko ƙarfe marar nauyi a mazauninsa, sa yatsu biyu ko uku kawai a ƙarƙashi, saki ɗan ƙaramin yatsa da babban yatsa in sun takura. Tura kafaɗu gaba da sama kaɗan don su yi wa ƙarfen gammo. Ɗaga gwiwar hannun dama, sauke, ɗaga ta hagu. Lokacin tasowa daga tsuguno, ka sa a ranka gwiwar hannu ce ke jan gaba. Minti biyar kullum ya fi awa guda ranar Lahadi. Kuma abin makonni ne, wani ma watanni. Sannu ba ta hana zuwa.

Kafin jiki ya saki, ba sai ka daina motsa jiki ba. Akwai hanyoyi uku. Kana iya gicciye hannuwa a ƙirji, dama ta dafa ƙarfen a kafaɗar hagu, hagu ta dafa a dama, gwiwoyi a sama. Kana iya ɗaura ƙyalle mai ƙarfi guda biyu a jikin ƙarfen ka riƙe bakinsu kamar linzami, wuyan hannu ya huta a miƙe. Ko kuma ka rungume nauyin a lanƙwasar gwiwar hannu, salon da ake kira da sunan Ed Zercher, wani ƙaƙƙarfan Ba'amurke na garin St. Louis. Wannan na ƙarshe shi ya fi kama da ɗaukar rago ko buhu. Mai farawa kuwa, jarkar ruwan nan rawaya da mutanen Gana ke kira galan ɗin Kufuor ta ishe shi. Kowace lita kilo guda ce, sai ya rungume ta a ƙirji, ya riƙa ƙara ruwa mako-mako.

Wannan dabara ta ƙari kaɗan-kaɗan tsohuwa ce, kuma daga garke aka samo misalinta. Girkawa na ba da labarin wani ɗan kokawarsu, Milo na garin Kroton, wanda ya rayu fiye da shekara 2,500 da suka wuce. An ce kullum sai ya saɓa wani maraƙi a kafaɗa, maraƙi na girma ƙarfinsa na ƙaruwa, har ya zama bijimi yana ɗaukarsa. Ko labarin ya faru ko ƙari aka yi, Ardo ya san gaskiyar da ke ciki: ba a fara ɗauka daga bijimi.

Yanzu ga inda ba wasa. Idan yatsu suna mutuwa ko kana jin kamar ana tsira maka allura har bayan ka ajiye ƙarfe, jijiya ce ake dannewa. Idan ka ji jiri ko duhu ya rufe maka ido, ƙarfen ya danne jijiyoyin wuya, saki shi gaba nan take ka ja da baya, kuma kada ka yi wannan tsuguno inda ba filin yar da ƙarfe. Idan wuyan hannu ya kumbura, ko gindin babban yatsa na zafi in an danna bayan faɗuwa ko wata fizga, je a ɗauki hoto. Akwai ɗan ƙashi a wurin da kan tsage ba tare da hannu ya karkace ba, jini ba ya isarsa sosai, in an yi sakaci ba ya haɗewa. Na Nima da Maamobi, asibitin Maamobi na kusa da ku, ga asibitin sojoji na 37, ga Korle Bu. Na kan hanya kuma, kada a jira sai an dawo gida. Sannan don Allah samari, kada a rufe ciwo da tiramadol a koma ƙarƙashin ƙarfe. Zafin nan saƙo ne jiki ke aiko maka, wanda ya toshe kunne kuwa sai ya ji a salansa.

Ga 'yan dako da masu lodi, da 'yan'uwanmu mata masu ɗaukar kaya da ake kira kayayei, darasin ɗaya ne. Buhun siminti kilo 50 ne, na albasa ya fi haka. Matso da kaya jikinka kafin ka ɗaga. Tsuguna da ƙafa, kada ka duƙa da ƙugu. Bari ƙirji da kafaɗa su karɓi nauyin, hannu ya tsare shi kawai. In ya fi ƙarfinka, kira ɗan'uwanka, ba abin kunya ba ne. Iyayen gida masu kaya, ku ma ku duba: yaron da ya ce hannunsa na ciwo, hutun kwana uku da za ku ba shi ya fi ku rasa shi wata uku.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya gwada gwajin sandar nan, ya aiko mana da abin da ya gani ta hannun wakilanmu na kasuwanni, mu kuma za mu amsa a shiri na gaba. Allah ya tsare hanya, ya albarkaci garke da kasuwa. Mu kwana lafiya.