Jawabin Wani Dattijo Ranar Bikin Tunawa da Kafa Masallacinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

An roƙe mu mu faɗi abin da mu ka sani game da wannan ɗaki na Allah. To, mu ba malamai ba ne, 'yan aikin goro ne, saboda haka abin da idonmu ya gani shi za mu faɗa.

Tun muna samari mu ke ɗaurin goro a nan Kumasi, a gidan wani maigida wanda ya riƙe mu kamar ɗa. Da an sallame sallar asuba sai mu zauna tsinta, mu ware fari da ja, mu fid da mai sankara, gama guda ɗaya ya isa ya ɓata huhu. Sa'an nan mu ƙirga ƙwarya ƙwarya, watau ɗari ɗari, mu shimfiɗa ganyen fita, mu yayyafa ruwa, mu ɗaure, mu ɗora wa mota. Da wannan wahala mu ka tara sadaki.

Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka, cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar Ghana cikin mako biyu. Zango ya ruɗe. Mutane su ka yi ta sayar da gidaje da gadaje a wulakance. Mu kuwa ba mu da takarda, ga mai ɗakinmu cikinta ya kai watan haihuwa. In mun ɗora ta a mota, muna tsoron ta haihu a hanya. In mun zauna, muna tsoron kamu. Mu ka kawo kukanmu nan. Limamin wancan zamani, Allah ya jiƙansa, ya ce, "Ku kawo ta cikin iyalina, sauran kuma ku bar wa Mai Sama."

A gidansa ta sauka, aka sami namiji. Da aka miƙo mana shi don mu yi masa huɗuba a kunne, hannun nan da ya saba ɗaga huhu sai ya kama rawa.

Ranar suna ba mu da ko kuɗin rago. Amma waɗanda su ka riga su ka ɗaure kayansu, mota na jiransu, su ne su ka tsaya a ƙofar nan su ka haɗa kuɗi. Aka yanka rago, wanzami ya yi aski, aka raba goro, aka shafa fatiha, kana su ka hau mota. Da yawansu ba mu sāke ganinsu ba. Bayan haka maigidanmu ya yi ta kai da kawowa har takarda ta fito.

Yaron nan ga shi can a sahun gaba, furfura ta fito masa. Kun san al'adarmu, ɗan fari ba a kiran sunansa, yau ma ba za mu kira ba. Amma muna so ya sani, shi da sa'o'insa, akwai bashi a wuyansu. Duk baƙon da ya tsaya a ƙofar nan da matsala, kada ku tambaye shi garinsu sai kun ba shi ruwa da wurin kwana.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya raya zuriyarmu, ya zaunar da ƙasar nan lafiya, amin. Haza wassalam.