Tsarkakewa da Girman Mai Bi



An ce in yi magana a kan tsarkakewa, ni kuwa zan fara daga birnin Koranti. Manzo Bulus ya yi shekara ɗaya da rabi a can yana koyarwa. Bayan tafiyarsa labari ya iske shi cewa ikilisiyar ta rabu kashi-kashi, 'yan'uwa suna maka juna a gaban alƙalai marasa bi, wani yana zaune da matar ubansa, waɗansu kuma suna buguwa a wurin Jibin Ubangiji alhali matalauta na gefe da yunwa. Duk da haka, tun a gaisuwar wasiƙarsa ta fari ya kira su tsarkaka. Duk wanda ya gane yadda mutanen nan suka samu wannan suna, ya kama bakin zaren maganarmu.

A bakin Bahaushe, tsarki abu ne da ake yi da ruwa, a gama nan take. Da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha ɗawainiyarsa, sai kalmar ta ɗauki ƙarin kaya a kunnen masu bi. Na farko keɓewa, wato Allah ya ware mutum ya ce wannan nawa ne. Korantiyawa sun samu wannan, shi ya sa aka kira su tsarkaka. Na biyu shi ne gyaran hali, har zaman mutum ya dace da sunan da aka ba shi. A nan ne suke da sauran tafiya, mu ma haka.

Malaman da suka rubuta Gajeriyar Katikisma ta Westminster a Ingila a 1647 sun bambanta baratarwa da tsarkakewa da kyau. Baratarwa hukunci ne da Allah yake yankewa sau ɗaya, ya karɓi mai zunubi saboda Almasihu. Tsarkakewa kuwa aiki ne mai ci gaba. Dukansu biyu sun jingina su ga alherin Allah.

Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga abin da idonsa. Marini yakan tsoma farin ƙyalle a karofi, ya fito da shi da ɗan kore-kore, ya bari iska ta buge shi, sai ya juya shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake fitarwa, haka dai har baba ya kama kowane zare. Tun tsomin farko ƙyallen yana hannun marini, amma launin sai a hankali. Kuma ku lura, a cikin karofi ƙyalle yake shan baba, amma a waje, a cikin iska, launin yake bayyana. Abin da muka sha ranar Lahadi, sai ranar Litinin a kasuwa ake ganinsa.

To, wa yake rinin? A kan wannan aka yi babbar muhawara a farkon ƙarni na 5. Felajiyus, wani malami daga Birtaniya, ya ga sakacin Kiristocin Roma ya ji ciwo, sai ya koyar cewa tunda Allah ya umarci mutum ya yi tsarki, mutum yana da ikon yi da ƙarfin nufinsa. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya ce sam: nufin kansa ya kamu da cuta, sai alheri ya warkar da shi. Majalisar ikilisiya da ta zauna a Kartaj a 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus. Ina tare da Agustin ɗari bisa ɗari. Ƙyalle ba ya rina kansa. Sai dai mai bi ya fi ƙyalle, domin yana da ƙafafu. Yana iya zuwa wurin Maganar Allah, da addu'a, da Jibi, da zumunta, yana kuma iya guje musu.

Martin Luther ya ce mai bi barataccen mutum ne kuma mai zunubi a lokaci guda, har ranar mutuwarsa. John Wesley ya yi begen fiye da haka: ya koyar cewa ƙauna tana iya cika zuciya tun a wannan duniya har ta kori zunubin ganganci. Ban iya bin sa har can ba, domin na ga yadda da'awar cika takan haifi girman kai. Amma akwai abin da ya yi wanda nake so mu tsaya a kai. A Bristol a 1742, mutanensa suna da bashin ginin ɗakin taronsu. Aka raba su ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum 12 kowace, da shugaba mai zagawa yana karɓar kwabo ɗaya a mako. Masu zagawar suka fara ganin abin da mai wa'azi ba ya gani daga bagade: wane ya koma shan giya, wane da matarsa ba sa ga maciji. Daga nan ƙungiyoyin suka zama taron mako-mako inda ake tambayar kowa lafiyar ransa, ya amsa a gaban 'yan'uwansa.

Wannan ne muka rasa. A yawancin ikilisiyoyinmu mun taƙaita tsarki ga jerin hani: kada a sha burkutu, kada mace ta shiga sujada ba ɗankwali. Ba ma tambayar kowa halin da yake ciki sai asiri ya tonu, sa'an nan dattawa su zauna, a sa shi a horo, a mai da shi kujerar baya wata shida, kuma sau da yawa babu mai leƙa shi har watannin su cika. Horo yana da gurbinsa, Bulus da kansa ya umarce shi a Koranti. Amma wa yake tambayar ɗan kasuwarmu ko mudunsa na saye da na sayarwa ɗaya ne? Wa yake tambayar uwargida ko yarinyar da aka kawo mata daga ƙauye tana zuwa makaranta? Wa yake zama da saurayin da aka kashe wansa a rikici, wanda har yau ba ya iya gaida maƙwabcinsa Musulmi, ya bi shi da haƙuri shekara da shekaru har gafara ta samu shiga? Albarkun Ruhu tara da Bulus ya lissafa wa Galatiyawa, mafi yawansu ba sa ganuwa sai a zama da mutane.

Ɗalibai, gobe ku ne fastoci da masu bishara. Ina roƙonku, duk ikilisiyar da aka tura ku, ku raba mutanenku ƙanana-ƙanana yadda kowa zai samu mai tambayarsa kowane mako, ku ma ku nemi mai tambayarku. Wanda kuka sa a kujerar baya kuwa, ku je gidansa a makon nan da kuka sa shi.