Kowa Da Mabuɗinsa: Jawabi Kan Kiyaye Kwamfutar Da A Ke Tarayya A Kanta

Wannan shi ne jawabin da Jami'in Watsa Labarai na Tarayya ya yi wa ma'aikata da malaman makaranta a garin Jakusko, Jihar Yobe. An buga shi domin amfanin jama'a baki ɗaya.



Abin da ya tara mu yau shi ne maganar kwamfuta guda wadda mutane da yawa su ke aiki da ita. Kowa ya sani a ƙasarmu ba kowane ma'aikaci ke da tasa ba. A ofis ɗaya za ka tarar akawu da magatakarda da mai kula da albashi duk a kan na'ura ɗaya su ke aiki, wannan ya tashi wancan ya zauna. Haka abin ya ke a makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu. Kuma abin da a ke ajiyewa a cikinta ba ƙarami ba ne. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kan kwamfuta a ke yin ta, daga 2021 kuma ba a yi wa ɗalibi rajista sai da lambarsa ta NIN. Saboda haka sunayen 'ya'yanmu da hotunansu da sakamakon jarrabawarsu, har da lissafin albashin iyayensu, duk sun koma cikin waɗannan na'urori.

Saƙon da na zo da shi guda ne: kowane mai aiki da kwamfutar tarayya ya kasance da asusunsa, a ba shi izini gwargwadon aikinsa, in ya gama kuma ya rufe ƙofarsa.

ASALIN WANNAN TSARI

Zan yi bayanina a kan babbar manhajar nan da a ke kira Linux, domin kyauta ce, kuma tushenta a buɗe ya ke, watau kowa yana da ikon duba yadda aka rubuta ta, ya gyara, ya raba wa wasu. Wani ɗalibi ne mai suna Linus Torvalds ya fara ta a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ya ba da sanarwarta a watan Agusta na 1991, watan da aka ƙirƙiro wannan jiha tamu ta Yobe. Tana da iri-iri, kamar su Debian da Fedora da Ubuntu. Ita Ubuntu ta fito a 2004, kuma wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, shi ya kafa kamfanin da ke kula da ita. Maganar ta ƙara muhimmanci tun da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 kyauta ran 14 ga Oktoba, 2025, alhali kuwa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Irin waɗannan, galibinsu suna iya aiki da Linux lafiya lau.

Ita Linux ta gaji tsarinta daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969. A wancan zamani kwamfuta tana da tsadar gaske, sai mutane da yawa su haɗu a kan guda. Tilas ce ta sa aka yi dabarar raba wa kowa wurinsa. Ke nan matsalar da mu ke fama da ita yau a Jakusko an daɗe da yi mata magani, saura kawai mu san yadda a ke aiki da shi.

GIDA ƊAYA, ƊAKUNA DA YAWA

Ku ɗauki kwamfuta kamar babban gidan gandu. Akwai zaure inda kowa ke wucewa, akwai ɗakin kowane magidanci, akwai kuma rumbu wanda mabuɗinsa ke hannun maigida. Asusu shi ne ɗakin mutum. Sunan shiga shi ne sunan mai ɗakin, kalmar sirri kuwa ita ce mabuɗi. Duk wanda aka buɗe wa asusu, na'ura za ta keɓe masa jakarsa inda takardunsa da wasiƙunsa za su zauna. Ita kalmar sirri ba a ajiye ta a fili yadda aka rubuta ta. Na'ura tana juya ta zuwa wasu haruffa waɗanda ba a iya mayar da su baya, ta ɓoye a wurin da mai kula da ita kaɗai ke iya buɗewa.

To, ina illar a haɗu a kan asusu ɗaya? Alal misali, a ce ofis yana da ma'aikata biyar, dukansu da suna ɗaya su ke shiga, an kuma rubuta kalmar sirrin a takarda an manna a jikin tebur. Ran nan aka wayi gari an sauya adadi a lissafin albashi. Wa za a tambaya? Na'ura tana rubuta sunan wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, amma a nan suna ɗaya za ta nuna. Mai laifi ya sami mafaka, mutum huɗu masu gaskiya kuma zargi ya hau kansu. Da kowa yana da asusunsa, da umurnin da a ke kira last ya isa ya jera wanda ya shiga, da ranar, da sa'ar da ya fita. Don haka raba asusu kariya ce ga ma'aikaci mai amana kafin kowa.

IZINI IRI UKU

Kowane fayil a cikin Linux yana da mai shi, yana kuma da ƙungiyar da ya ke ƙarƙashinta. Na'ura ta kasa mutane kashi uku: mai fayil, 'yan ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Kowane kashi ana iya ba shi izinin karantawa, ko na rubutawa, ko na zartarwa. In jaka ce, izinin zartarwa yana nufin ikon shiga cikinta.

An ba kowane izini lamba domin sauƙi: karantawa 4, rubutawa 2, zartarwa 1. Sai a tara. Wanda aka ba duka uku yana da 7, mai karantawa da rubutawa yana da 6, wanda aka hana kome yana da 0. Idan kuka ga fayil mai lamba 640, ma'anarsa mai shi yana karantawa yana gyarawa, 'yan ƙungiya suna karantawa kawai, sauran jama'a kuwa ko leƙawa ba su yi. Da umurnin chmod a ke sauya waɗannan lambobi, ko kuma a danna fayil a buɗe shafin izini a zaɓa.

Bari in kawo misali daga makaranta. Hedimasta yana iya sa a kafa ƙungiyar malamai. Jakar sakamakon jarrabawa sai a ba malamin jarrabawa ikon rubutawa, sauran malamai su karanta, ɗalibai kuwa a rufe musu. Jakar darussa kuma a buɗe wa kowa ya karanta, amma malami kaɗai ke gyarawa. Lambar da na ke gargaɗinku a kanta ita ce 777. Wasu masu gyara, in fayil ya ƙi buɗuwa, sai su sa masa ita don su huta. Wannan daidai ya ke da cire ƙyauren ɗaki dungum don mabuɗi ya yi tauri.

Akwai kuma abin lura ga masu Ubuntu. Kafin fitowar 21.04 ta shekarar 2021, jakar kowane mutum tana zuwa da lamba 755, watau duk mai asusu a na'urar yana iya karanta takardun ɗan'uwansa. Daga wannan fitowa aka mayar da sababbin jakunkuna 750. Amma asusun da aka buɗe tun kafin nan yana nan yadda ya ke, sai an gyara da hannu. Lalle ne mai kula da na'ura ya duba wannan.

MABUƊIN MAIGIDA

A kowace Linux akwai babban asusu guda wanda sunansa root, watau saiwa. Shi ba abin da a ke hana shi. Yana buɗe kowace jaka, yana sa manhaja, yana cire asusu, yana iya share na'urar baki ɗaya da umurni ɗaya ba tare da an tsayar da shi ba. Saboda wannan haɗari, Ubuntu tana zuwa da wannan asusu a kulle. Wanda aka amince masa sai ya yi aikin yau da kullum da asusunsa na kowa da kowa, in buƙatar babban aiki ta taso ya fara umurninsa da kalmar sudo. Na'ura za ta tambaye shi kalmar sirrinsa, ta ara masa ikon na ɗan lokaci, kamar minti 15, ta kuma rubuta sunansa da abin da ya yi.

Shawarar da na ke ba kowane shugaban ofis ita ce, kada masu wannan iko su wuce biyu: mai kula da na'ura da mataimakinsa. Guda ɗaya bai isa ba, domin ana ciwo, ana tafiya, ana sauyin wurin aiki. Girman muƙami kuwa ba shi ne ma'auni ba. Ranka ya daɗe shugaba, in aikinka karanta rahoto ne da sa hannu, izinin karantawa ya ishe ka, kuma wannan ba ragin daraja ba ne. Wanda ba ya riƙe da mabuɗin rumbu ba a tambayarsa in hatsi ya ragu.

ZAMA DA TASHI

Daga sa'ad da mutum ya sa kalmar sirrinsa har zuwa lokacin da ya fita, wannan tsakani shi a ke kira zama. Duk abin da aka yi a cikin zaman, da sunansa a ke rubuta shi, ko da hannun wani ne ya yi. Na'ura ba ta san fuska ba, asusu ta sani.

Hanyoyin tashi uku ne, kuma ya kamata a san bambancinsu. Na farko kullewa: aikinka yana nan a buɗe a ciki, amma ba mai ganinsa sai da kalmar sirrinka. Wannan shi ya dace in za ka fita salla ko cin abinci. A Ubuntu, danna maɓallin nan mai tambarin Windows tare da harafin L ya isa. Na biyu sauya mai aiki: zamanka yana nan a kulle, ɗan'uwanka ya shiga nasa. Na uku fita gaba ɗaya, wanda ke rufe duk abin da ka buɗe, shi ne na lokacin tashi daga aiki. Kashe allo kawai ba ya cikin ukun nan. Mai kula da na'ura yana iya ganin duk zaman da ke buɗe da umurnin loginctl, ya kuma rufe wanda aka manta.

Hausawa sun ce, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya bar zamansa a buɗe ya tafi kasuwa, shi ma yana da nasa kason laifi. Musamman ina jan kunnen ɗalibai da iyaye masu zuwa shagunan kwamfuta a Gashuwa ko Nguru domin rajista ko duba sakamako. Burauza tana tuna wanda ya shiga. In ka rufe tagarta ba ka fita daga akwatin wasiƙunka ba, mai zuwa bayanka yana iya tarar da shi a buɗe. Ka fita da hannunka, kada ka yarda ta ajiye maka kalmar sirri, ka kuma share hoton katinka da aka kwafa a na'urar kafin ka tashi.

IYAKAR WANNAN KARIYA

Wajibi ne in faɗa muku inda wannan tsari ya tsaya. Izini yana aiki ne muddin na'ura tana tafiya bisa tsarinta. Wanda ya sace ta, ko ya cire faifan ajiyarta, ko ya tashe ta da filashi, yana iya karanta abin da ke ciki ba tare da kalmar sirrin kowa ba. Maganin wannan shi ne a zaɓi kulle faifan gaba ɗaya tun lokacin da a ke sa Linux, sa'an nan a kulle ofis da kwaɗo irin na ƙarfe. Har ila yau, mai riƙe da babban asusu yana iya ganin jakar kowa. Saboda haka zaɓensa maganar amana ce kafin ta zama maganar iya na'ura.

ABIN DA DOKA TA CE

Gwamnatin Tarayya ta yi dokoki a kan wannan al'amari. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ko tara ga mai kutsa kai cikin kwamfuta ba da izini ba domin zamba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kiyaye su. In suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Nijeriya cikin sa'a 72. Makaranta da asibiti da ofishin hukuma duk suna cikin masu wannan nauyi.

ABIN YI IN AN KOMA OFIS

1. A buɗe wa kowane ma'aikaci asusunsa, a cire takardar da aka manna a tebur.
2. A kashe tsarin nan da ke sa na'ura ta shiga da kanta ba tambaya.
3. A sa allo ya riƙa kulle kansa bayan minti 5 in ba a taɓa shi ba.
4. Kalmar sirri ta zama doguwa, kamar kalmomi huɗu ko biyar da ba su da dangantaka. Kada a sa sunan ɗa, ko shekarar haihuwa, ko lambar waya.
5. Baƙi da ɗalibai a ba su asusu dabam wanda ba shi da ikon sudo.
6. Ranar da aka yi wa ma'aikaci sauyi ko ya yi ritaya, ranar za a kulle asusunsa, a miƙa takardun aiki ga magajinsa.
7. A riƙa kwafe muhimman takardu a wani faifai dabam, a ajiye a wurin da a ke kullewa.

Jama'a, babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kobo. Aikin yini guda ne ga wanda ya iya, wanda bai iya ba kuma ya nemi malaman kwamfuta na kusa da shi, ga Jami'ar Tarayya nan a Gashuwa tun 2013. Takardun da ke cikin na'urorin nan na talakawa ne da suka ba mu amana, waɗansunsu ko karatu ba su yi, ba su da hanyar sanin abin da aka yi da sunansu. Ina roƙon kowane shugaba da ke nan ya sa a fara wannan gyara cikin makon nan, ya kuma karanta wa ma'aikatansa wannan takarda.