Kwanakin Karatu Na Raguwa, Daga Zariya Har Madarounfa

A watan Janairun 2022, gwamnatin Kaduna ƙarƙashin Nasiru El-Rufai ta mayar da karatu a makarantunta kwana huɗu a mako, Litinin zuwa Alhamis. Daga nan yaran makarantun gwamnati a Zariya suka daina shiga aji ranar Juma'a.

A Madarounfa ta Nijar babu dokar da ta rage mako, amma kwanakin karatu na zaizayewa ta wasu hanyoyi. A 2024 ambaliyar ruwa ta sa hukumomin Nijar suka ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga watan. A ƙauyuka da dama kuwa, ajin kara ba ya tsayuwa sai an gama girbin gero, kuma da damina ta faɗi da wuri sai karatu ya watse. Ranar kasuwa ma tana janye wasu yara daga benci zuwa talla.

Ɗan mai hali yana da malamin da zai bi shi gida ya cike giɓin. Ɗiyar manomi a Gabi ko Dan Issa, abin da ta samu a aji shi ne kaɗai rabonta, kuma da shi za ta zauna jarrabawar BEPC.

Saboda haka ya kamata hukumomin gari da kwamitocin kula da makarantu na COGES su riƙa ƙirga kwanakin da aka yi karatu na haƙiƙa a kowace makaranta, su shirya darussan ramuwa kafin zafin Afrilu, su kuma sa ginin azuzuwan siminti a sahun gaba na kasafinsu.