Ƙwaya ko Harawa? Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Maganata a yau a kan wake ce. Kowane manomin Kiyawa ya san Kanannado. Yana yaɗo sosai, ba ya fure sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina, amma ga harawa jingim. Shi kuwa sabon irin da masanan cibiyar IITA suka fito da shi, mai nuna cikin kwana 60 zuwa 70, ƙwaya yake bayarwa da wuri, harawarsa kaɗan.

Dalili kuwa, abincin da tsiro ke haɗawa a ganyensa yana da iyaka. Abin da ya tafi ga fure da 'ya'ya, yaɗo ya rasa shi. Wannan hali gado ne a cikin iri, taki ba ya sauya shi.

In ruwa ya ɗauke da wuri, mai saurin nuna ke fid da mu kunya. In rani ya tsananta, harawar Kanannado ke riƙe tumaki, ga ta da daraja a kasuwar Shuwarin.

Saboda haka, jama'a, mu karɓi sabon iri, amma kada mu bari na kakanninmu ya ɓace daga rumbu. Mu shuka duka biyun.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.